Kunyar 'Yar Fari a Ɗakin Shari'a

Shekarun baya, cikin babban farin nan na farkon shekarun saba'in, wata Litinin da hantsi, washegarin kasuwar Filinge, aka aiko kira na zuwa biro, wato ofishin alƙalin garin. Mu uku ne a ciki: ni, da alƙalin, wanda abokina ne tun muna lise, babbar sakandare, a Yamai, da tsohon tafintan kotun, yana tsaye bakin ƙofa ya ƙi zama.

A lokacin ban daɗe da fara aiki a gidan rediyo ba, hutu ne ya kawo ni gida. An koya mini inda ake numfashi a tsakiyar jimla, da yadda ake karanta labarin rasuwa da na farashin gyaɗa da murya iri ɗaya, kuma a raina babu wanda ya kai ni iya magana daga nan har Agadas. Ko gaisuwar safe na yi wa mahaifiyata, cewa take yi kamar sanarwa nake karanta mata.

Abokina kuwa ɗan ma'aikacin gwamnati ne, ya tashi a garuruwan bakin teku inda aka yi ta kai mahaifinsa aiki. Hausarsa ta sayen goro ce. Ya ce mini yana da wata shari'a a hannu, kuma tafintansa ba zai iya tsaya masa a kanta ba. Tsohon bai jira an tambaye shi dalili ba.

"Wanda anka kama ƙanen matata ne," in ji shi. "In na yi daidai, gida ba su yahe mini. In na karkata, Allah ba shi yahe mini. Ku samu wani."

Ni ne wanin.

Ga abin da ya faru, a taƙaice. A wani ƙauye da ke kan hanyar Tabla, akwai mutumin da aka damƙa wa awon hatsin taimako, jar dawar nan da manyan motoci ke kawowa. Wata rana aka aiki wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta karɓo rabon gidansu. Ya bar ta ta ƙarshe, mutane suka watse, ya tsare ta a ɗakin ajiya ya yi lalata da ita. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Wata maƙwabciya ce ta kai ta wurin likita, likitan ya sanar da jandarma, 'yan sandan karkara, aka kama mutumin. Tun ranar yana gidan kaso yana musu, danginsa kuma suna bazawa a ƙauye cewa ƙarya ce aka kitsa don a samu ƙarin hatsi.

Abokina ya yi mini bayani da Faransanci, a hankali, yana jujjuya alƙalami a hannu. Hanya biyu ce. In aka bar laifin da sunansa na ainihi, na babbar kotu ne a Yamai, wadda ba kullum take zama ba. Ana iya yin shekara ko fiye ana jira. Sannan yarinyar za ta tsaya a gaban ɗaki cike da baƙin fuskoki, lauya ya yi ta juya ta da tambayoyi, kuma tunda babu wanda ya gani da ido, ba abin mamaki ba ne mutumin ya kuɓuta. Hanya ta biyu ita ce mutumin ya amsa da bakinsa, a sauko da laifin zuwa wani mai suna mafi sauƙi, wanda shi alƙalin ke da ikon yankewa a nan Filinge. Ba za a kira yarinyar ba ko sau ɗaya. Hukuncin zai tsaya tsakanin shekara biyu da biyar, kuma yana da damar mayar da shi ɗaurin talala, wato a sake shi ya koma gida da sharaɗin kada ya sake wani laifi.

"Ina zai tsaya tsakanin biyu da biyar?" na tambaye shi.

"Inda abin da na ji a ɗakin ya kai shi."

Da na koma gida na fara ba mahaifiyata labari da muryar aiki, sai ta ɗaga mini hannu.

"Rage murya, mai sanarwa. Suna ɗakina."

Ashe baƙin da na tarar a gidanmu tun zuwana, mace da yarinya waɗanda ba sa fitowa tsakar gida sai da dalili, su ne. Ita matar, ɗiyar aminiyar mahaifiyata ce. Ita ta goye ni ina jariri, shi ya sa nake kiran ta Yaya, ko da yake rabona da ita tun kafin in shiga makaranta. Mijinta ya tafi Kurmi, can ƙasashen kudu, neman abinci tun da gonaki suka ƙone, babu labarinsa. Uwar mijin, wadda ita ta yaye yarinyar ta rene ta, ta rasu a bazarar da ta wuce.

Wannan rasuwar ita ce tushen matsalar, domin yarinyar 'yar farin Yaya ce. Kun san kunyar ɗan fari, amma ta Kurfai, ƙasarmu ta Filinge, a wancan zamanin ta fi wadda kuka sani tsanani. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta shiga maganarsa ko da dukan sa ake yi. Kaka ce bakinsa. Kakar yarinyar nan kuwa tana kabari.

Na zauna kwanaki ina kallon su. Yaya ba ta zama tabarma ɗaya da 'yarta. In za ta yi maganarta sai ta ce "waccan", ko "'yar tsohuwa". In ta dama abu, mahaifiyata take miƙa wa ta ce, "Inna, ko akwai mai sha." Sannan ta koma bayan zana ta tsaya, tana yi kamar tana gyara itace, har sai ta ji ƙarar ludayi a cikin ƙwarya. Yarinyar ba ta cin jar dawa ko kaɗan. A shekarar da manya ke tonon gidan tururuwa suna neman tsaba, ita in ta ga jan tuwon nan sai ta juya fuska bango. Mahaifiyata ta fitar da wata tasa daga cikin kayan ɗakinta ta musanya da ɗan gero a kasuwa, da shi ake yi mata kunu.

Sau ɗaya yarinyar ta yi mini magana. Ina goge akwatin rediyona a inuwa, ta tsaya nesa kaɗan.

"Kawu, in ka yi magana cikin wannan, har Kurmi ana ji?"

Na ce wani lokaci ana ji, in iska ta yi kyau.

"To ka ce ma Baba shi dawo. Amma kada ka ce don mi."

Da na koma aiki na saka saƙon a cikin gaisuwar masu saurare, kamar yadda ta ce. Ban san ko ya ji ba.

An yi zaman daidaitawa a biron abokina ranar Laraba. Yayan mutumin da ake tuhuma ya zo, babban mutum ne a ƙauyen, na hannun daman mai gari. Limamin ƙauyen ya zo. A ɓangaren yarinyar, yayan mahaifinta ne ya zo, wani dattijo ramamme mai rawani da ya sha wanki har ya koma kamar raga. Yaya ta zauna a ƙasa can kusurwa, ta ja mayafi har goshi.

Na fassara sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, na maimaita wurin da ya ce tsakanin biyu da biyar. Abokina ya ƙara sharaɗi guda: mutumin zai faɗa da bakinsa cewa yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Yayan mutumin ya ja gemu, ya ce wannan mai yiwuwa ne. Sannan ya yi tambayar da ta kawo shi.

"In dangin yarinya sunka yahe fa, ranka shi daɗe?"

Abokina ya ce yafiyar dangi ba ta share laifi, amma alƙali yana sauraron ta.

Duk ido ya koma kan dattijon. Ya dubi yatsun ƙafarsa, ya ce su sun yafe, abin da ya faru ya faru, talala ma ta isa. Ban taɓa iya jin haushin dattijon nan ba. Yana da baki fiye da goma a gidansa, kuma tiyar da ake auna musu hatsi tana hannun dangin mutumin har yanzu. Tiya kuwa ana iya cika ta har ta yi tozo, ana iya shafe ta da tafin hannu, duka sunanta tiya ɗaya.

Abokina ya dubi kusurwa ya ce in tambayi uwar yarinyar. Na tambaye ta. Ba ta ɗago ba.

"Abin da maza sunka ce."

Bayan sun fita, abokina ya tsayar da ni. Ya ce shin matar nan ba ta da abin faɗa ne. Na shiga yi masa lacca a kan kunyar ɗan fari, da misalai, kamar ina shirin al'adu na ranar Asabar. Ya bar ni na gama, sannan ya ce ya sani, kakarsa ma haka ta yi wa mahaifinsa har ta mutu.

"Amma ni abin da aka faɗa a ɗakin nake hukunci da shi. In dangin uba suka ce sun yafe, uwa ta ce abin da maza suka ce, mutumin ya amsa laifi ya nuna nadama, a kan me zan tsaya in tsananta? Ba zan iya rubuta shiru ba. Ka gaya mata haka."

Ban iya gaya mata ba. Namiji ne ni, kuma ƙane. Mahaifiyata na gaya wa, ita kuma ta tare ta da la'asar suna tsince tsakuwa daga cikin dawa. Ina zaure, ina jin su.

"Ɗiyata, alƙali ya ce shi ba shi rubuta shiru."

"Inna, da wane baki? Gaban yayan mijina, gaban liman?"

"Da wanda kike cin tuwo da shi."

"Ke ki yi mini. Ke uwa ce."

"Na aika an tambaya. Sun ce ni ba dangi ba ce, ba shaida ba ce, ba kowa ba ce. Na haihu tara, na binne huɗu, sai bana na ji ni ba kowa ba ce."

Yaya ta yi 'yar dariya, dariyar farko da na ji daga bakinta. Sannan ta ci gaba da tsince tsakuwa a kan faifai.

"In anka yi talalar nan, gida za shi koma?"

"Ran nan ma."

"Ƙauyenmu?"

"Yana da wani?"

Da na fito Yaya ta ɗauke faifan ta shige madafa.

Ranar shari'ar, tun da safe dangin mutumin suka cika gindin bishiyar da ke gaban kotu. Sun zo da jaki, an shimfiɗa masa buzu a baya, domin an ce ƙafafun mutumin sun kumbura a kaso, ba zai iya takawa har ƙauye ba. A wurinsu magana ta ƙare tun Laraba. A ƙauye, in mai laifi ya durƙusa ya amsa, babban gida ya ce an yafe, to an binne zancen ke nan, wanda ya tono shi ma shi ne mai laifi. Sun ɗauka haka kotu take, sai dai ita da Faransanci. Kuma sun tabbata da abu ɗaya: uwar 'yar fari ba za ta buɗe baki ba.

Yarinyar tana gida wurin mahaifiyata. Aka rufe ƙofar ɗakin shari'a saboda maganar ta yarinya ce. A ciki akwai abokina da magatakardansa, jandarma guda, mutumin, yayansa, liman, dattijon, Yaya a bencin baya ita kaɗai, da ni a tsaye gefen tebur, sanye da rigata mafi kyau.

Mutumin zai kai shekara arba'in. Na yi tsammanin ganin wani abu a fuskarsa, ban ga komai ba sai rama da tabon sallah. Abokina ya karanta tuhumar, na mayar da ita Hausa. Mutumin ya ce, "Na amsa," can ƙasan maƙoshi.

"Tambaye shi me ya amsa."

Na tambaye shi. Ya dubi yayansa, yayan ya kau da kai.

"Abin da anka ce na yi ma yarinyar, na yi shi. Ba ta yi ƙarya ba."

Liman ya runtse ido. Shi ma, na ji daga baya, yana cikin waɗanda suka yarda ƙarya ce.

Yayan ya miƙe ya yi roƙo. Ya ce ɗan'uwansa yana da mata da 'ya'ya, shekara ta yunwa ce, sheɗan ne ya shiga tsakani, kuma watannin da ya yi a kaso sun isa darasi. Dattijon ya miƙe bayansa ya maimaita abin da ya faɗa ranar Laraba. Ya ƙara da cewa maƙwabta suke tun kakanni, rijiya ɗaya iyayensu suka haƙa tare, ba ya so a ce a zamaninsa aka raba ƙauye biyu.

Abokina ya rubuta. Ya ɗago ya dubi bencin baya, ya ce in tambaya ko akwai wanda ke da sauran magana. Na tambaya. Babu wanda ya motsa. Ya jira fiye da yadda alƙali ke jira, sannan ya fara tattara takardunsa.

Ƙarar benci muka ji. Yaya ta miƙe, ta riƙe bayan bencin gabanta da hannu biyu. Ba ta dubi alƙali ba, ba ta dubi kowa ba, bangon da ke saman kaina take kallo.

"Ina da magana."

"Zauna," in ji dattijon, wanda ita kuma Yaya take ce masa, a hankali. "An gama."

"Ba a gama ba, Yaya. Ka ce rijiya ɗaya. Gaskiya ka hwaɗi, ɗaya ce. Hanyarta kuma ta ƙohwar gidan mutumin ga ta bi. Ni ina zuwa itace, ina zuwa ɗiban ganyen tahwasa, wa za shi ɗebo muna ruwa? Ita ce. Da sahe ta wuce shi, da marece ta wuce shi, yana zaune bisa tabarma ana gaishe shi."

Sannan ta kira sunan yarinyar.

Ba zan rubuta sunan ba. Suna ne na kowa da kowa, kowace unguwa akwai mai shi. Amma ta faɗe shi cikakke, a fili, kamar mai kiran yaro daga nesa, kuma a bakinta ya fito wani iri, kamar kalmar wani harshe da take gwadawa karon farko. Liman ya sunkuyar da kai. Jandarman, wanda ɗan Dogonduci ne, ya juya yana kallon taga.

"Ɗiyata ce," ta ci gaba. "Ni na haihe ta, ba tsohuwa ba. Na yi kwana biyu bisa gwiwa kahin ta zo. Tun ran da abin ga ya hwaru ba ta cin jar dawa, ku duka kun san mi a ke ci bana. In ta ji an buga tiya bisa buhu, fitsari take. Ta daina waƙa wurin daka. Wanda ya yahe, nashi ya yahe, na gode mishi. Ni ban yahe ba, ita kuma ba a tambaye ta ba. Ban san shekara nawa a ke ba mutum ba, wannan aikin alƙali ne. Abin da nike roƙo, kada ta sake ganin shi bisa hanyar rijiya."

Dattijon ya ce, ba da faɗa ba, kamar mai jin ciwo, "Ke, ba ki jin kunya?"

"Ina ji, Yaya. Ji nike kamar an tuɓe ni a kasuwa."

Ta zauna.

Saura aikina. Na buɗe baki in fassara, muryar nan da nake taƙama da ita ta ƙi fitowa. Na yi gyaran murya, na sake gwadawa, abin da ya fito kamar kukan ɗan akuya. Sai da magatakarda ya miƙo mini ruwa a kofin kansa. Na fassara maganar duka, ban rage ba, ban yi mata ado ba, har fitsarin. Da na zo kan sunan na faɗe shi yadda yake, shi ba ya buƙatar tafinta. Abokina bai tambaye ni me ya sa ɗakin ya yi tsit ba. Alƙalaminsa ya tsaya a wurin na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da rubutu.

Ya ɗage zaman zuwa bayan azahar. Da aka dawo ya sa aka buɗe ƙofa, domin hukunci a bainar jama'a ake karanta shi. Mutanen gindin bishiya suka matso har bakin taga. Ya karanta, ni kuma, da muryata ta dawo, na ɗaga ta yadda na baya zai ji: mutumin ya amsa laifinsa da bakinsa, ya shaida cewa yarinyar gaskiya ta faɗa. An ɗaure shi shekara biyar, babu talala. Bayan ya fito, an hana shi zama ko shiga yankin Filinge na wasu shekaru biyar.

Yayan ya taso har gaban tebur.

"Ranka shi daɗe, ba haka munka yi ba."

"Haka muka yi," in ji abokina. "Na ce tsakanin biyu da biyar. Mai rediyo ya faɗa muku har sau biyu."

Wannan ban ma gama fassarawa ba yayan ya juya. Jandarma ya fita da mai laifin ta ƙofar baya. Wani daga cikin dangin ya kwance jakin ya ja shi, buzun na nan a bayansa.

A hanyar gida ina gaba Yaya na biye da ni. Na rage tafiya na ce mata alƙali ya kai iyakar abin da yake da iko. Na so ta ce ta ji daɗi, ina jin don in ji nawa daɗin.

"Shekara biyar," ta ce. "Ran da za shi hito, ba ta kai sha bakwai ba."

"Amma ba zai dawo nan ba, Yaya."

"Shi na roƙa."

Da muka shiga gida yarinyar na zaune kusa da mahaifiyata. Yaya ta wuce ta gabanta ba ta dube ta ba, ta shiga madafa, ta fito da ƙwaryar kunu ta miƙa wa mahaifiyata.

"Inna, ko akwai mai sha."

Na yi shekaru masu yawa bayan nan ina karanta labarai, kuma na karanta irin wannan ba sau ɗaya ba: wane ya amsa laifi, an sassauta tuhuma, an yanke masa kaza. Masu saurare sukan rubuto su ce an sayar da gaskiya. Ba na saurin yarda da su, ba na kuma saurin musa musu. A takardar kotun Filinge, abin da aka rubuta an yi wa yarinyar nan bai kai abin da aka yi mata ba, kuma haka zai zauna. Abokina ya san da haka, ya taɓa ce mini bayan mun tsufa cewa shari'ar tana cikin waɗanda yake juyawa a ransa. Amma yarinyar ba ta tsaya gaban kowa ba, ba a tambaye ta ina ya taɓa ba, kuma ƙauyen da ya ce ta yi ƙarya ya ji akasin haka ta taga. Ban san ma'aunin da zai auna waɗannan biyun ba.

Abin da na sani shi ne, a irin wannan daidaitawa, wanda ya yi shiru ana lissafa shi cikin waɗanda suka yarda. Kuma sau da yawa mai shirun shi ne wanda abin ya fi ci, ladabi ne kawai ya ɗaure masa baki. Ba na zagin kunyar ɗan fari. A cikinta na tashi, ni ma ɗan fari ne, mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban taɓa shakkar matsayina a wurinta ba. Sai dai al'adar ta tanadi kaka ta tsaya wa yaro, ba ta tanadi abin da za a yi ba in kakar ta mutu, uba yana Kurmi, sauran dangi kuma yunwa ta kama su a wuya. Yaya ce ta biya wannan giɓin, da abin da ya fi komai tsada a wurin macen ƙauye ta wancan lokacin.

Yaya da 'yarta sun koma ƙauye bayan mako guda. Tiyarsu ta zama shafaffiya har ƙarshen rabon, mata sun yi ta nuna Yaya da baki a wurin daka, dattijon kuma ya yi damina biyu ba ya amsa gaisuwarta. Mutumin ya cika shekarunsa, aka ce ya tsallaka iyaka, ba a sake ganin sa a Kurfai ba. Yarinyar ta ci gaba da ɗiban ruwa a rijiyar nan safe da yamma, har ta girma ta yi aure a Sanam.